Irin Albasa Ba Ya Jira

Duk ranar Juma'a bayan sallar La'asar nakan kira gida Batsari, kuma shekara da shekaru tsarin hirarmu da mahaifina bai sauya ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka alkunya ba ta barinsa ya kama sunana, balle ya tsaya tambayar abin da ke damuna. Da mun gama gaisawa sai ya ce, "Ya zafi a wajenku?" Kafin in amsa ya riga ya shiga labarin lambu: ruwan rijiya ya ja baya da kamu biyu, tumatir ya fara zubar da fure, albasa ta kwantar da lawashi. Can a tsakiyar wannan bayani, kamar wanda ya tsinci kwabo a aljihun tsohuwar riga, zai ce matar ƙanena ta sauka an samu mace, ko an ɗage auren wance sai bayan an cire albasa, ko liman yana kwance yau kwana uku bai fito ba. Daga nan ya koma bakin rijiya.

Na daɗe ina jin zafin wannan hali a raina. Gani nake duk mutumin da zai ba ka labarin haihuwar jikarsa a tsakanin tumatir da tarugu, to kayan miya sun fi mutane daraja a wurinsa. Sai da abubuwan da ba mu taɓa zato ba suka auko wa ƙasarmu, sannan na fara gane abin da yake faɗa mini duk tsawon shekarun nan.

Shekara a wurinmu kashi huɗu ce: damina, kaka, hunturu da bazara. Ga manomin tudu, bazara lokacin shiri ne. Yana sharar gona, yana kai taki, mai ƙarfin hali ya yi binne, wato ya rufe irin gero a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Mai lambu kuwa, bazara ce ranar hisabinsa. Daga watan Maris zuwa Mayu hazo ya washe, rana ta buɗe ido, zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana. Ruwan fadama yana nutsewa kullum, ban-ruwan da ake yi bayan kwana huɗu da hunturu ya koma na bayan kwana biyu. Tumatir ba ya jure wannan zafi, shi ya sa kwandon da aka yi ta roƙon dillali ya ɗauka a watan Fabrairu, har mata suka yanka ragowar suka shanya kauɗa, yake zama abin nema kafin damina ta sauka. A wannan lokaci ne mangwaro ke nuna, kuka ta fara toho, gawo kuma, da yake komai nasa a juye yake da na sauran itatuwa, ya shiga shirin zubar da ganye. Idan shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari, iska ta juyo daga kudu da ɗan danshi, to kowa ya san ruwa ya kusa. Duk waɗannan alamu mahaifina yana bin su kamar yadda ɗan kasuwa ke bin farashi.

An fi sanin Batsari da dankali da rogo, amma shi mahaifina albasa ce abin alfaharinsa. Ba ta yi suna irin na albasar Galmi ta Nijar ko ta Aliero a Jihar Kebbi ba. Wata ja ce, matsakaiciya, mai yaji har cikin ido, wadda ya gada daga mahaifinsa, kuma ya ce tana jure ajiya fiye da duk wadda ya taɓa gwadawa. Ba shi kaɗai ke riƙe da ita ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ke zaune a wani ƙauye na ƙasar Safana wajen Runka, shi ma irin da yake shukawa ke nan. Tun kafin a haife ni suke da wata al'ada. Kowace bazara, idan sun sussuke iri, sai su haɗu a kasuwar Batsari ranar Alhamis, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa ƙulli guda daga cikin nasa. Ina yaro nakan yi mamakin wannan ciniki, a ba ka abin da kake da shi, kai ma ka mayar da irinsa. Da na tambaya, Kawu ya yi dariya ya ce in bari sai na girma.

Dalilin yana cikin halin albasa ne. Gero da dawa sukan yi shekaru a rumbu su fito in an shuka su. Irin albasa kuwa gajeren rai gare shi. Da ya shekara ƙarfinsa ya fara raguwa, in ya shekara biyu a zafi irin namu, da wuya a samu abin kirki. Ga shi kuma samar da shi aikin shekara biyu ne. A yi rainon iri da kaka, a dasa da shigowar sanyi, a cire albasa da bazara. A zaɓi masu kyau a adana su har damina ta wuce, a sake binne su da kaka, su fitar da kara su yi farin fure dunƙule kamar curin auduga, ƙudan zuma da ƙudaje su yi ta yawo a kai, sannan da bazara ta biyu a yanke kawunan a shanya a sussuke. Duk wanda tsutsa ko ƙafewar rijiya ko rashin lafiya ya katse wa wannan zagaye, to irin gidansu ya tafi ke nan, sai fa in akwai wani a wani wuri da ke riƙe masa da shi. Ashe ƙullin nan na ranar Alhamis ajiya ce kowannensu yake yi a hannun ɗan'uwansa.

Na taso na tarar da jigo a bakin rijiyar lambunmu, na ga lokacin da injin ban-ruwa ya kore shi a shekarun 1990, sa'ad da shirin bunƙasa noman fadama ya yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse. Na ga shekarar 2016 da tsutsa ta cinye tumatir a Arewa. Duk waɗannan lambu ya gan su ya wuce. Abin da bai taɓa gani ba shi ne ranar da mai shi zai ji tsoron zuwa wurinsa.

Batsari da Safana duka suna bakin Dajin Rugu, wanda ya miƙa har iyakar Zamfara. Dajin da iyayenmu suka sani na kiwo da itace da zuma, shi ne ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 aka kai hari Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari, aka kashe mutane da dama, a watan Afrilu kuma aka afka wa wasu ƙauyuka na Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Fadamarmu tana yamma da gari, ta ɓangaren dajin. A bazarar wannan shekara mahaifina ya sussuke irinsa na ƙarshe a can, a gurguje, yana aiki yana waige. Da kaka ta zo bai yi raino ba, domin an ɗauke mutum biyu a lambun da ke maƙwabtaka da namu. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da hunturu ya same shi a zaune.

A lokacin ne na fara lura cewa labarin lambun da yake ba ni a waya ya ɗauki wani nauyi. Mutane sun daina sakin baki, don ba ka san wanda ke tsaye kusa da kai ba, ba ka kuma san inda maganarka za ta kwana ba. Ba mai cewa ya sayar da amfani, ba mai cewa ɗansa na birni ya aiko da kuɗi. Idan mahaifina ya ce, "Awaki sun shiga lambun su wane jiya da dare," na san ba awaki yake nufi ba. Idan ya ce, "Ɓarnar ba ta yi yawa ba," na san ba a rasa rai ba. Harshen da na raina shi ne kaɗai ya rage da za a iya faɗin gaskiya da shi.

A watan Satumban 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, a cikin matakan da ta ɗauka na toshe wa 'yan bindiga hanyoyi. An rufe kasuwanni da dama, an kuma hana sayar da fetur a jarka. Ga mai lambu, wannan na nufin babu man inji, babu haɗuwar ranar Alhamis. Gare ni kuwa, babu kiran Juma'a. Na yi mako uku ina duba waya kamar za ta yi magana da kanta. Da na tuna cewa zumunta a ƙafa take, sai na shiga mota daga Katsina na tafi, da niyyar ba zan dawo ba sai na shawo kan mahaifina ya sayar da fadamar, shi da Inna su dawo birni kusa da ni.

Na same shi a zaure, da wani jiƙaƙƙen tsumma a cikin ƙwarya a gabansa. Ya ƙirga ƙwayar iri 100 daga wanda ya sussuke a 2020, ya naɗe a tsumman yana yayyafa masa ruwa, yau kwana goma. Ya warware a gabana, muka ƙirga tare. Tara ne suka yi tsiro, su ma a raunane. Bai ce komai ba, ya mayar ya naɗe.

Ni kuwa, da rashin sanin lokacin magana, sai na kawo abin da ya kawo ni. Na ce, "Baba, da an haƙura da fadamar nan an sayar. Rai ya fi komai."

Ya ce, "Wa zai saya? In ma an saya, irin fa?"

Na ce, "Ai ana sayar da iri a gwangwani a Katsina, har wanda ya fi wannan girma."

Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita, ko da yake da sauran lokaci kafin a kira salla. Da dare Inna tana zuba mini tuwo ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Na ci tuwon nan bai wuce mini ba.

Kwana biyu bayan haka, ina shirin komawa, sai ga babbar 'yar Kawu ta yi sallama. Ta zo gaisuwar wata rasuwa da aka yi a dangi, wadda labarinta bai isa gare su ba sai bayan sadakar bakwai. Rabin tafiyar a ƙasa ta yi shi. Bayan ta sha ruwa, ta kwance haɓar zanenta ta fito da wani ƙulli ta ajiye a gaban mahaifina. Iri ne sabo, na bazarar da ta wuce, baƙi wuluk. A cikinsa akwai 'yar takarda da rubutun ajami na Kawu, layi biyu kacal: "Ga amanarka. Rijiyarmu ba ta ƙafe ba tukuna." Mahaifina ya karanta, ya juya wajen Inna ya ce, "Suna lafiya, ba su da niyyar tashi." Inna ta rufe fuska da mayafi. Watanni ke nan ba ta san halin da yayanta yake ciki ba, ga shi an ba ta labarinsa a cikin zancen rijiya.

Ban sake tayar da maganar sayar da fadama ba. Akwai wani kango a bayan gidanmu da ake ɗaure tumaki. Kafin in tafi muka share shi, muka ja fangali shida, muka zuba takin da tumakin suka tara. Babu inji, babu mai, saboda haka mahaifina ya koma guga yana da shekara fiye da 60, jikokinsa suna kai masa ruwa a bokiti kafin su tafi makarantar allo. Da aka maido da layin waya wajen ƙarshen shekarar, abin da ya fara gaya mini shi ne dashe ya kama. A bazarar 2022 ya cire albasar da ba ta cika buhu biyu ba, ya zaɓi 40 masu kyau ya shimfiɗa su a kan gadon kara a rumfa mai shan iska.

Da daminar wannan shekara rijiyar Kawu ta ƙafe, a irin ma'anar da su biyun suka ba kalmar. Dare ɗaya ƙauyensu ya watse. Ya fito da iyalinsa da kayan jikinsu, suka shiga garin Safana, wani bawan Allah ya ba su aron ɗaki biyu. Albasar da ya ware don iri tana can a rumfa, ƙullin irinsa yana rataye a ɗaki, babu wanda ya koma ɗauka. Abin da ya rage na irin kakana a duniya, iyakar sanina, shi ne albasa 40 ɗin nan da ke bayan gidanmu. Danshin damina ya yi ta cin su ɗaya bayan ɗaya. Kowace Juma'a sai an ba ni lissafi: saura 33, saura 26. Da albasa ta yi tsada a kasuwa, mahaifina ya gwammace ya ba da kuɗi a sayo ƙwaya biyu don miya da a taɓa masa ko da ruɓaɓɓiya. Da kaka ta shigo 17 suka rage. Ya binne su da bisimilla.

A azumin 2023, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara, ya aika in zo. Na tarar ya sussuke iri, ya kasa shi uku a kan faifai. Ya ƙulle kashi ɗaya ya sa a aljihu. Ya ƙulle na biyu ya ce in kai wa Kawu Safana. Na uku kuwa ya turo shi gabana.

Na ce, "Baba, ni ina na ga wurin shuka? Gidan haya nake."

Ya ce, "Da mu biyu ne, mun ga biyu ba ta isa ba. Kai ne nesa da dajin. Kuma ka sani, iri ba ya jira."

Kawu ya karɓi nasa da hannu biyu, ya daɗe yana jujjuya ƙullin. Na ɗauka zai ce ba shi da fili. Sai ya ja ni bayan ɗakin da aka ba shi aro, ya nuna mini wani wuri da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya riga ya kewaye shi da ƙaya. Ya ce ya hana kowa a gidan zubar da ruwan alwala a ƙasa, a tasa ake yi a tara. Ya ƙara da cewa tun da fetur ya gagari talaka, gara shi da bai da inji. Bayan 'yan makonni kuwa, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, masu lambu da yawa suka koma neman injin gas ko na hasken rana, waɗanda ba su da hali suka rage fangali.

A karatu na ci karo da labarin rumbun ajiyar iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008, a cikin dutse mai ƙanƙara, inda ƙasashe ke kai kwafin irinsu don gudun yaƙi ko bala'i. Hikimar da ke ciki ita ce kada a tara abu mai daraja a wuri ɗaya. Mahaifina da Kawu ba su taɓa jin sunan wurin ba, amma abin da suka shekara 40 suna yi ke nan a kasuwar Alhamis. Bambancin shi ne su ba su da ƙanƙara. Rumbunsu mutum ne mai rai, wanda dole ya duƙa ya shuka kowace shekara, kuma dole a san ko yana nan lafiya. Shi ya sa a bakinsu tambayar lambu da tambayar lafiya ba su rabuwa. Wanda ya ce maka dashensa ya kama, ya gaya maka yana da ƙarfin jan guga, yana da kwanciyar hankalin fita da asuba, kuma yana sa ran ganin bazara a inda yake.

Nawa rainon na farko mutuwa ya yi, don na cika masa ruwa saboda ɗoki. Allah ya sa ban zuba irin duka ba. Na biyu ya kama, a cikin tsofaffin buhunan siminti da na jera a jikin katanga, da ruwan da nake saye wajen 'yan ga-ruwa. Mai gidan da nake haya ya yi ta yi mini dariya, yana cewa kuɗin ruwan da na kashe ya isa in sayi buhun albasa. Gaskiya ya faɗa. Na cire 'yan ƙwayoyi, na adana, damina ta ci rabonta, na sake binne ragowar da kaka.

Fadamarmu tana nan ba a sayar ba. Wani lokaci a samu sauƙi ƙannena su leƙa, wani lokaci a ce kowa ya zauna gida. Kawu bai koma ƙauyensu ba har yanzu. Ban san ranar da za a koma ba, su ma ba su sani ba, amma kowannensu ya yi raino bara.

Bana, a tsakiyar bazara, ranar wata Talata da asuba, aka yi mini haihuwar fari. Na fito tsakar gida da waya a hannu, na kira Batsari. Da na ji muryar mahaifina sai harshena ya yi nauyi, abin da ya hana shi kama sunana shekara talatin da wani abu ya sauko mini a wuya. Na ji kaina ina cewa, "Baba, albasar nan ta yi kai goma sha ɗaya, duk sun buɗe, ƙudan zuma sun same su. Zafi dai ya yi yawa, safe da yamma nake ba ta ruwa. An kuma samu ƙaruwa a gidan, namiji. Jiya na ga shamuwa biyu a kan darbejiyar masallaci."

Ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Na ji wajen innarku. Allah ya raya, ya yi albarka." Ya gyara murya. "Kada ka yi gaggawar yankewa. Ka bari sai ka ga kawunan sun fara buɗe baki, baƙin ya leƙo. In ka sussuke, ka kasa uku."